Faci da Sholisho a Bakin Hanyar Gwarzo

Mai gyaran keke ba ya buƙatar allon sanarwa. Tsohuwar taya rataye a reshen darbejiya, da famfo a jingine, da daron ruwa wanda ya riga ya koma baƙi, sun isa su gaya wa mai wucewa cewa nan ne wurin. In ka fita Kano ta Kabuga, ka wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ka bar Rimin Gado a baya ka nufi yamma, za ka yi ta ganin wannan alama a bakin kwalta da gefen kasuwanni: a Garo, a Kabo, a Gwarzo, a Getso da ƙauyukan da ke kewaye, har ka kai Dayi inda ƙasar Katsina ta fara. Shekara 20 da suka wuce kowa ya ɗauka sana'ar ta kama hanyar mutuwa. Ga ta nan da ranta, kuma masu ita sun san halin da hanyoyinmu ke ciki fiye da duk wani ofishi, domin su ake kai wa abin da hanya ta lalata.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwatin katako ɗaya ya ɗauke su duka: sifana iri-iri, filaya, guduma, almakashi, ƙarafa biyu masu lanƙwasasshen baki na ɓamɓare taya, gwangwanin giris, gwangwanin sholisho, da wani ɗan ƙaramin makulli na ɗaure wayoyin wili, wanda maigida ba ya yarda ya kwana a hannun yaro. Sauran jarin tarkace ne. Matattun kekunan da aka jibge a gefe, waɗanda baƙo zai ɗauka bola ce, su ne kantin kayan gyara. A nan ake ciro noti, a nan ake samun feda ɗaya da za ta yi daidai da 'yar uwarta, a nan ake yanko guntun kaca.

Faci shi ne abincin yau da kullum. Mutum zai turo kekensa, tayar baya a kwance, ya yi sallama ya ce, "Malam, iska ce ba ta zama." Wanda ya san aiki ba ya gaggawar ɓamɓare taya. Sai ya fara ba ta iska, ya shafa ɗan yawu a bakin bawul, ya zuba ido. In ya ga kumfa, to tif lafiyarsa lau, 'yar robar da ke cikin bawul ce zafin rana ya cinye, kuma canza ta bai wuce aikin minti ɗaya ba. A nan ake gane mai tsoron Allah, don babu abin da zai hana shi ya kwance taya, ya manna faci inda babu huji, ya karɓi kuɗin faci. In kuwa bawul lafiya yake, sai a fito da tif a hura shi, a riƙa nutsa shi cikin daro kaɗan-kaɗan har a ga inda ƙananan kumfa ke tasowa. A soka tsinken ashana a hujin don kada ya ɓace, a goge wurin ya bushe, a kankare shi da samfefa ko guntun zarto har ya yi kaushi. A yanko 'yar da'ira daga wani mataccen tif, ita ma a kankare ta, a shafa wa kowanne sholisho. Daga nan sai abin da ɗan koyo ya fi tsana, wato jira. Sholisho in bai sha iska ba ba ya kamawa, kuma wanda ya manna shi da danshi, kafin mai keke ya kai gida faci ya ɗaga. In ya sha iska sai a haɗa, a ɗora a kan guntun katako, a bubbuga da ƙotar guduma. Kafin a mai da tif, maigida zai zura yatsunsa cikin taya ya zagaya a hankali yana laluben abin da ya yi ɓarnar. Wanda ya manta da wannan zai sake ganin keken kafin la'asar, mai shi yana huci.

To amma ba a faci ake auna gwani ba. Gwaninta tana wajen ɗaurin wili. Tsohon keken nan mai taya 28 da birkin ƙarfe, irin na Ingila, waya 32 gare shi a wilin gaba, 40 a na baya, saboda baya ne ke ɗaukar nauyi. Da yawa daga cikin na yanzu 36 ne gaba da baya. Kowace waya tana jan da'irar wilin zuwa ɓangarenta, rabi dama rabi hagu. Ɗaya ta tsinke ko ta saki, sai wili ya fara rawa yana gugar birki. Mai gyara zai kifa keken, sirdi a ƙasa, ya juya wili, ya kafa babban yatsa ko guntun alli kusa da ƙarfen don ya ga inda yake taɓawa. Sai ya ɗan matse wayar can ɓangaren, ya ɗan sassauta ta nan, ya sake juyawa. Wani lokaci yakan kaɗa wayoyin da farce ya saurara, don wadda ta saki muryarta daban ce. Mai gaggawa in ya matse da yawa, rawar gefe za ta tafi, wili kuma ya koma tsalle, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Haka boris. A kwance cibiyar wili, a zubo ƙananan ƙwallayen cikin hula don kada ɗaya ta gangara cikin yashi, a wanke da kananzir, a ware waɗanda suka ci, a mayar da su ɗaya bayan ɗaya a kan giris. A ɗaure da ƙarfi wili ya ƙi juyawa, a bar shi sakwa-sakwa ya riƙa ƙwanƙwasa. Tsakanin nan biyu babu ma'auni sai hannu.

Babu makarantar da ake koyar da wannan. Uba ne zai kama hannun ɗansa ya kai shi rumfa ya ce, "Ga ɗanka nan, Malam, a koya masa abin da zai riƙe kansa." Yaro zai fara da buga famfo da ɗebo ruwan daro da miƙo sifana. Sai ya daɗe kafin a bar shi ya ɓamɓare taya, domin ɗan koyo da ƙarfe a hannu ya fi ƙayar daji saurin huda tif. Albashi babu, sai kuɗin abinci da ɗan abin da maigida ya ga dama, ranar kasuwa a ɗan ƙara. In ya ƙware, maigida mai mutunci zai haɗa masa 'yan kayan aiki ya sa masa albarka, ya je ya nemi tasa inuwar. Matsalar da ta daɗe tana damun tsofaffin sana'ar ita ce yaran ba sa tsayawa. Da zarar hannu ya faɗa, sai su tsallaka wajen masu gyaran babur, inda aiki ɗaya ke kawo abin da mai keke zai wuni bai haɗa ba. Ba a ga laifinsu ba.

Da can ba haka abin yake ba. A zamanin En'e keke dukiya ne. Malamin makaranta, malamin gona, malamin asibiti, ɗan kasuwar gyaɗa, su ne masu keke, kuma saurayin da ya je zance a kan sabon Raleigh ya gama rabin maganarsa tun kafin ya buɗe baki. Ana naɗe ƙarfen da roba mai launi don kada fenti ya goge, a sa madubi biyu, a sa wa sirdi riga mai tuntu. Kamfanin Raleigh na garin Nottingham ya samu kasuwa a ƙasar nan har ya kafa masana'antar harhaɗa kekuna a Kano. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin da Hero da Avon na Indiya suka shigo da sauƙin farashi. Hukuma ma ta san da keke a lokacin, domin akwai lambar keke da ake biya duk shekara, wanda bai yanka ba kuwa ya san sauran in ya haɗu da ɗan doka. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ne ya fara ɗaga ma'aikata daga sirdin keke zuwa babur. Sai kuma wajen shekarar 2000 babur ɗin Jincheng da 'yan uwansa suka cika ƙasa, daga baya Boxer. Keke ya koma abin hawan wanda bai samu ba: manomi mai zuwa gona, mai kai itace, mai tallan kaya ƙauye-ƙauye, ɗan makarantar da gidansu ke nesa. Ko da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, birni dokar ta shafa. A Gwarzo da Kabo babur ya ci gaba da zama motar haya.

Ranar 29 ga Mayun 2023 ce ta juya lissafi. Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a hukumance zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Mutane suka jingine babura suka shiga zaure da bayan rumbu suna zaƙulo kekunan da suka yi shekaru a rataye. Malamin firamare ya koma feda, ma'aikacin ƙaramar hukuma ma haka. Rumfar mai gyara ta sake cika.

Sai dai keken da ya dawo ba duka irin na da ba ne. Kasuwa ta cika da 'yan gwanjo daga Turai da Japan, masu giya da birkin waya da taya iri-iri, kowanne da girman notinsa. Tsohon da ya yi shekara 40 yana gyaran Phoenix sai ga shi gaban keke mai giya 18, kayansa kuma babu su ko a Kano sai an sha yawo. Maganin da aka samo mai sauƙi ne: a cire na'urar canjin giyar gaba ɗaya, a rage tsawon kaca, a ɗora ta a kan haƙori ɗaya, keke ya koma mai gudu ɗaya. Injiniyan da ya ƙera shi zai yi takaici in ya gani. Mai keken kuwa ya samu abin da ba zai tsaya masa a tsakiyar daji ba, kuma ni ina bayan mai gyara a wannan hukunci.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a sana'ar shi ne, mai gyara yana iya gaya maka inda keke ya bi ba tare da ya tambaye ka ba. Keken da ya fito daga hanyar gona, ko daga fadamun da ke kusa da madatsun Guzuguzu da Magaga, ƙaya ce a tayarsa: tsidau, ko ƙayar aduwa, ko ta bagaruwa. Wannan tsakanin mutum da daji ne, babu wanda za a kai ƙara. Keken cikin gari kuwa abin da ake zarowa daga tayarsa duk aikin hannun mutum ne. Ƙusa daga wajen kafinta. Ɓarɓashin ƙarfe daga gaban mai walda. Fasasshiyar kwalba. Guntun reza. Siraran wayoyin da ke saura in an ƙona tsohuwar tayar mota a bakin titi, waɗanda ido ba ya gani sai yatsa ya ji su. Ga leda, wadda ba ta huda taya amma takan nannaɗe a cibiyar wili da haƙoran kaca, ta ja yashi ciki, ta cinye boris a hankali. In kuma aka ga huji biyu jere kamar saran maciji, to babu ƙaya babu ƙusa. Rami aka faɗa, ko gefen kwaltar da ya zaizaye, ƙarfen wili ya datse tif. In wili ya naɗe gaba ɗaya, ko ƙahon gaba ya lanƙwashe baya, mai gyara ba ya fara tambayar kuɗi. Cewa yake, "Ina mai shi? Da sauƙi dai ko?"

Dalilin da ya sa duk wannan ƙazanta ke samun mai keke shi ne wurin da aka bar masa. Tsakiyar titi tayoyin mota sun share ta, iskarsu tana tura komai gefe. A wannan gefen ne yashi ke taruwa, da kwalba, da ƙusa, kuma nan ne mai keke ke bi. Nan ne manomi ke shanya barkono da masara a kaka, ya jera duwatsu don kada mota ta taka. Nan ne direban da motarsa ta lalace ke ajiye ganye da dutse, in ya gyara ya tafi ya bar su. Ranar kasuwar Getso ko ta Gwarzo nan ne mai teburi da mai baro da mai lodin dabbobi ke tsayawa. Mai keke in ya iso irin wannan wuri dole ya karkato cikin titi, a daidai lokacin da motar Golf ko Sharon ta ciko fasinja ta taho a guje, direba na sauri ya juyo ya yi wani sawun.

Har tsabtar da muke yi ma takan koma kan mai keke. Tsabtar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda asalinta ke komawa ga yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiagbon a 1984, tana sa mutane su fito su yashe kwata. Madalla. Amma ina ake zuba abin da aka yaso? A bakin titi, tsibi-tsibi, da kwalabe da gwangwanaye a ciki, ana jiran motar da sau da yawa ba ta zuwa. Rana ta busar da shi, awaki su tone, ruwan sama ya mai da rabi cikin kwata, sauran rabin ya bazu a hanyar mai keke. Tambayi kowane mai faci ko kwanakin da ke biyo bayan yasar kwata suna da ciniki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Shawararta ita ce, inda mutane da motoci ke cuɗanya kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kwalta a Garo ko shigar Gwarzo ya san nisan da ke tsakaninmu da wannan adadi.

Ba a rasa hukumomi ba. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988. Akwai KAROTA mai kula da zirga-zirga a titi, da aka kafa a zangon mulkin Gwamna Kwankwaso na biyu, akwai REMASAB mai kwashe shara, amma ƙarfinsu duka a birni yake. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018, kuma a ranar za ka ga manyan jami'ai a Abuja sun hau sababbin kekuna da hular kwano, 'yan rakiya gaba da baya, an ɗauki hoto an watse. Wanda ya ɗauki abin da gaske shi ne Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma keke, har ya riƙa hawa da kansa. A 2001 wata bas ta tura shi cikin kwata a Abuja. Mutane suka yi ta dariya, aka mai da abin barkwanci. Ni a ganina darasin da ya kamata a ɗauka shi ne, in titi bai bar minista ba, yaya ɗan makarantar da ke fitowa daga ƙauye da asuba?

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kundin tsarin mulkin 1999 ya riga ya faɗi mai alhakin keke da hanyarsa. A jadawali na huɗu, cikin ayyukan ƙaramar hukuma akwai ba da lasisin keke da baro da amalanke, akwai gina da kula da tituna da fitilun titi da magudanan ruwa, akwai kwashe shara, akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota. Wato keke da kwata da bola da kasuwa duk a tebur ɗaya suke, teburin shugaban ƙaramar hukuma. An daɗe ana cewa kuɗin ba ya isowa. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko yaya aiwatarwar ta kasance, uzurin ya fara ƙarewa. Gaskiya ne babbar hanyar Kano zuwa Dayi ba ta ƙaramar hukuma ba ce, amma sharar da ke gefenta da kasuwar da ta malalo kanta nata ne.

Ina roƙon kada wani kansila ya karanta wannan ya ce a dawo da lambar keke. Mutumin da tsadar mai ta sauko da shi daga babur ba shi ne za a bi da rasit ba. Haka kuma masu cewa a tilasta hular kwano, niyyarsu mai kyau ce, amma manomin da ke lissafin kuɗin faci ba zai sayi hula ba, dokar za ta zama hanyar tatsa kawai. Abin da zai yi aiki ya fi wannan araha. A kwashe abin da aka yaso daga kwata a ranar da aka yaso shi. A sa masu shara su riƙa share gefen kwalta a cikin gari, ba gaban sakatariya kaɗai ba. A dawo wa duba-gari da martabarsa, ya gaya wa mai walda da kafinta su tattara tarkacensu. A ja wa 'yan kasuwa layi ranar kasuwa, da hannun sarkin kasuwa da shugabannin tasha. A yi tudun rage gudu na ƙa'ida, mai fenti, a gaban makarantu, maimakon tulin ƙasa da kututture da jama'a ke jibgewa bayan an kaɗe yaro, wanda shi kansa yakan kayar da mai keke da dare. Titunan kilomita 5 da aka fara yi a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma tun zamanin Kwankwaso suna da faɗin da za a iya ware wa keke gefe. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, manyan tituna da dama suna da hanyar masu ƙafa biyu daban, kuma ba su fi mu kuɗi ba.

Sai maganar ilimi, inda nake ganin an yi watsi da malamin da ya fi dacewa. A Holan yaran firamare har jarrabawar hawan keke a kan titi suke yi. Mu a nan yaro yana koyon keke ne a hannun ɗan uwansa yaro, a keken haya, ya faɗi sau biyu ya tashi, shi ke nan ya zama direba. Babu wanda ya gaya masa ya miƙa hannu kafin ya juya. Babu wanda ya gaya masa cewa direban tirela ba ya ganin abin da ke maƙale a gefensa. Manya ma da yawa sun yi imani cewa tafiya ana fuskantar motoci ta fi aminci, don wai kana ganin abin da ke zuwa. Wannan gaskiya ne ga mai tafiya a ƙasa. Ga mai keke kuwa, gudunsa da na motar haɗuwa suke yi, kuma direban da ke fitowa daga kwana ba ya duba wannan ɓangaren. Tun 2 ga Afrilun 1972 ƙasar nan ta koma hannun dama, keke ma yana ciki. Da dare kuma abin ya fi muni. Fitilar da ke cin wuta daga taya ta ɓace tare da tsofaffin kekuna, yanzu sai tocilan a baki ko hasken waya, baya kuwa duhu ƙirin, mutum sanye da baƙar riga.

Kowane keke a Gwarzo da Kabo, komai daren daɗewa, sai ya kwana ko ya wuni a rumfar mai gyara. Babu jami'in da ke da irin wannan dama. Da ƙaramar hukuma za ta sayi jan madubin baya mai ƙyalli da ledar nan mai haske da ake mannawa, ta raba wa masu gyara, a ce duk keken da ya zo faci kada ya tafi sai an manna masa, cikin shekara guda da an ga bambanci a hanya da dare. Da za a kira su taron yini ɗaya tare da jami'an kiyaye haɗurra, a ba su 'yan ƙa'idojin da za su riƙa faɗa wa yara yayin da sholisho ke shan iska, da saƙon ya isa inda rediyo bai kai ba. Yaro yana jin maganar wanda ke riƙe da kekensa.

Su ma masu sana'ar akwai gyara a wajensu, kuma faɗar haka ba cin fuska ba ne. Wasu rumfunan sun ci rabin gefen titin da ake kuka a kansa, an kifa kekuna har kan kwalta. Tsinkakkun wayoyi da guntayen ƙarfe da suke watsarwa suna huda tayar da gobe za a kawo musu. Da yawa sukan sallami keke babu birki ko ɗaya, in ka yi magana a ce mai shi ne bai biya ba, alhali yaro ne zai hau, yana tsayawa da tafin silifa. Robar birki ba ta kai kuɗin jinyar karaya ba, kuma maigidan kirki ya kamata ya iya cewa, "Alhaji, wannan ba zai bar nan ba sai an sa masa birki." Sai kuma sholisho, wanda kowa ya san wasu matasa shaƙarsa suke yi. Mai gyaran da ke tsiyaya wa yaro a tsumma don 'yan canji ya san ba faci za a yi da shi ba.

Gwarzo da Kabo mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai, hanya ɗaya suke bi, kasuwanni ɗaya suke ci. Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin biyu da kansilolinsu shi ne, kafin a rubuta kasafin baɗi, a aika a kira masu gyaran keke na kowace mazaɓa, a ba su kujera, a tambaye su wuraren da aka fi kawo musu naɗaɗɗen wili da fasasshen tif. Za su lissafa muku kwana-kwana da rami-rami, ba tare da an biya ɗan kwangila ko kwabo ba. A fara gyara daga wuraren da suka ambata.